Idon Sale na Hagu

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya Legas? Mu nan Funtuwa an fara cirar auduga.

Hankalina a tashe yake saboda ƙanenmu Sale. Ramar nan tasa ta damina yanzu ta taɓa ido. Da farko ya ce yana ganin baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje, muka yi ta sa masa kwalli. Ranar Juma'a na miƙa masa kofin kunu, sai ya lalubi iska. Ya ce, "Yaya Binta, na hagu ya mutu."

A asibitin Zariya aka ɗebi jininsa. Likita ya keɓe ni ya ce ciwon nan ne da ake faɗa a rediyo, ƙanjamau, kuma na daman ma yana iya tafiya. Ban gaya wa Inna ba. Matar Sale ga tsohon ciki, ita ma an ce a kawo ta a gwada. Wallahi tsoro nake ji.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a. Sale ya ce don Allah ka zo tun yana iya ganinka.

Ƙanwarka,
Binta