Shekarar da Shamuwa Ta Ci Amanata

Litinin, 13 ga Mayu
Shamuwa ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida, har ta fara haɗa sheƙa. Alhamdu lillahi. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kuskuren shuka ba: shamuwa ta zo, ruwan farko ya jiƙa ƙasa, a ɗauki sungumi. Na sauko da irin geronsa daga rumbu. Tiya uku ya rage bayan asarar bara. In wannan ya tafi, shi ke nan, ban san wani mai irinsa ba a duk ƙasar Daura.

Asabar, 18 ga Mayu
An yi ruwa da hantsi, mai kyau. 'Yata Fadila ta zo hutu daga kwaleji da sabon karatu. Wai in dakata. Wai hayaƙin motoci da masana'antun duniya ya taru a sama yana riƙe zafi kamar bargo, har tekun da ke turo mana iskar damina ya ɗumame, shi ya sa ruwa ke somawa ya ɗauke. Wai rediyo ta ce za a yi fari bayan ruwan farko. Na ce, ita shamuwar rediyo take sauraro? Yarinyar da ni na koya mata bambance gero da ciyawa!

Na leƙa Badaru, aminina, maƙwabcin gona. Shekara ashirin da shida rana ɗaya muke shuka. Ya ce, "Gobe in sha Allahu, Harisu. Kai ta gabas, ni ta yamma."

Lahadi, 19 ga Mayu
Na shuke duka. Badaru bai fito ba, wai ciwon baya. Na aika masa da man zafi.

Laraba, 29 ga Mayu
Gero ya fito kore shar. Sama kuwa fes.

Juma'a, 7 ga Yuni
Kwana ashirin ko ɗigo. Tsiron ya nannaɗe, in ka taɓa sai ya marmashe. Hadari ya haɗu da la'asar, iska ta kwashe shi ta yi Nijar da shi.

Lahadi, 9 ga Yuni
Yau na ji. A kasuwar Mai'adua mai sayar da iri ya ce min, "Ai abokinka tun kafin ruwan farko ya sayi irin gero mai kwana saba'in, ya ce sai bayan tsakiyar Yuni zai shuka."

Ciwon baya! Ni kuwa har da man zafi. Na tare shi bakin masallaci, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Da na gaya maka, da ka ji? Kunyarka na ji." Kunya. Ya gaya min mana, mu yi faɗa, ai gara haka da ya tsaya yana kallo na binne irin Baba a cikin yashi. Ban taɓa jin zafin mutum kamar yau ba.

Shamuwa tana nan kan ƙwanta, ko a jikinta.

Talata, 11 ga Yuni
Ban je gona ba. In je in ga me?

Alhamis, 20 ga Yuni
Ruwa kwana biyu a jere. Ina zaune a zaure, matata Ma'u ta ajiye ƙwarya gabana. Irin Baba ne. Ta ɗebi rabin tiya ranar da zan shuka, ta ɓoye a tukunyar jerenta. "Malam, Fadila ce ta ce in rage. Ni ma gabana faɗuwa yake yi."

Ashe har cikin gidana ba a yarda da ni ba. Wata guda ana kallona ina ramewa, ba wanda ya ce uffan. Na so in yi faɗa, wallahi na so. Hannuna ne ya ƙi fita daga ƙwaryar.

Asabar, 22 ga Yuni
Na shuka irin Baba, layi goma sha ɗaya, a kusurwar da ke riƙe danshi. Sauran gonar mai kwana saba'in na zuba. A zaure na tarar da sabon irin, ban tambayi wanda ya ajiye ba, ban kuma mayar ba. Badaru yana yamma. Ya yi min sannu, na ɗaga masa sungumi.

Fadila ta koma makaranta, ta bar rediyonta a zaure, wai mantuwa. Kafin in fita na ɗan kunna. Don labarai ne kawai.

Da na zo wucewa ƙarƙashin tsamiya, ban ɗaga kai ba.