Ƙashin Wa Za a Sa Mini a Kafaɗa?

Hajiya Ɗaso, don Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Ni mutuniyar Gusau ce, shekarata talatin da ɗaya a Makka, ina zaune a unguwar Hindawiyya. Aikina wankan gawar mata. Ko yatsar mamaciya ban taɓa miƙarwa da ƙarfi ba, domin an koya mana karya ƙashin mamaci kamar karya na mai rai ne.

Yau shekara uku kafaɗata ta dama ta ƙi ni. Ba na iya ɗaga hannu in yi kabbara, ɗankwali ma sai an ɗaura mini. Likita ya ce sai an canza gaɓar, irin wadda ake juyawa: a kafa ƙwallon ƙarfe jikin allon kafaɗa, mazauninsa kuma a kan ƙashin damtse. To wurin da za a ɗaure ƙwallon ya cinye, sai an cike shi da ƙashi. Na damtsena da za su yanke ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Na ƙugu kuma wai yana iya barina da ɗingishi.

Larabcin asibiti ya fi ƙarfina, 'yata Mujahida ke yi mini tafinta. Ta ce ƙashin asibiti za su sa, na ɗauka roba ce, na sa hannu. Shekaranjiya wurin ɗibar jini wata ma'aikaciya Bahaushiya ta faɗa mini ƙashin mutum ne, a firiji ake ajiye shi. Saura kwana tara a yi aikin.

Ƙashin wa? Mace ce ko namiji? An ma yi masa wanka? Ni da na tsare ƙasusuwan mutane, a yanko na wani a ɗaure mini da ƙusa. In na ƙi, hannun ya tafi ke nan. Na daina yi wa Mujahida magana, abinci ba ya shiga, wallahi har na fara ganin gara a wanke ni kafin ranar.

Mai wankan gawa, Hindawiyya

Baba, sannu. Ki janye maganarki ta ƙarshe, kada ki zauna da wannan tunanin ke kaɗai.

Mujahida ta yi kuskure, jikinki ne, haƙƙinki ne ki sani. Amma ita ke ɗaura miki ɗankwalin nan shekara uku, tsoro ne ya sa ta ɓoye. Ki yi mata faɗa, sannan ki ci abincinta.

Sa hannu ba igiya ba ce, kina iya cewa a ɗaga ranar. Ki koma wurin likita da wata tafintar, ki tambayi asalin ƙashin. Ba duka ne na mamata ba. Wani na masu rai ne da aka canza wa gaɓar ƙugu, suka yarda a amfani wani da abin da aka cire. In na mamaci ne, malamai da yawa sun halatta bisa lalura da izini. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi, ga Harami kusa da ke. In zuciyarki ta ƙi duk da haka, a sake duba na ƙugun.

Sai abin da ba ki tambaya ba. Ƙashin yana iya ƙin kamawa, kuma ko ya kama, likitoci kan hana ɗaukar nauyi da irin wannan kafaɗa. Kabbara da cin abinci, in sha Allah. Juya gawa kuwa, ina ganin kin gama, a yi aikin ko kada a yi. Ki yi kukansa, ya cancanta. Bayan haka ki nemi kujera a ɗakin wankan, ki zauna ki koya wa na baya.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Ɗaso