Jan Ɗigon da Ya Bari a Layi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan da sauƙi. Baba ya koma fita masallaci da ƙafarsa, Inna ma ta fara cin abinci. 'Yan biyuna sun koma makaranta, sai dai har yanzu idan suka ji ƙarar mota a ƙofar gida sukan ruga su leƙa.

Yaya, yau kwana hamsin da biyu da rasuwar Abbansu. Kin yi ta kira ina kasa magana, shi ya sa na ce bari in rubuto. Kin san aikinsa rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma a wurin aikin muka haɗu kafin in ajiye aiki saboda rainon yara. Ranar da abin ya faru yana kan teburinsa na falo tun safe. Da azahar ya rufe murfin kwamfutar, ya ce zai ɗauko yara ya dawo ya ƙarasa. A bakin matakala zuciyarsa ta tsaya. Tun ranar ban bari an zare wayar cajin ba, tebur kuwa ko ƙura ban share ba.

Makon jiya wata likita ta zo mini gaisuwa. Ashe ƙaramin asibitinsu yake yi wa manhajar da ke lissafa yawan maganin da za a ba yara. Da ƙyar ta iya faɗa mini cewa manhajar tana ba da adadin da ya wuce kima idan jariri bai kai shekara ba, ya gano haka ya hana su amfani da ita har sai ya gyara. Ta ce ma'aikatan jinya biyu ne kawai, da hannu suke lissafin, kullum gabanta na faɗuwa. Na ce ta ba ni mako guda.

Washegari da hantsi na buɗe murfin kwamfutar. Komai na nan yadda ya bari. A gefen layi na ɗari biyu da sha huɗu akwai jan ɗigo, alamar da muke sawa da madannin F9 don manhaja ta tsaya a wurin a duba ta. Na kai hannu neman linzamin kwamfuta, wato mouse, babu. Sai na tuna bai taɓa amfani da shi ba, da madannai kawai yake aiki. Tun muna ofis yake ɓoye mini nawa a aljihun tebur, yana tsokanata wai mai kai hannu ga linzami kamar mai zuwa kasuwa ne sayen ashana ɗaya. Haushi nake ji a lokacin, Yaya, amma ga shi shekara bakwai ban taɓa aikin ba, yatsuna ba su manta madannan ba. Na danna F5 manhaja ta tashi, ta zo kan ɗigon ta tsaya. Na riƙa danna F10 ina bin ta layi bayan layi, inda na yi shakka in danna F11 in shiga ciki. Kwana uku ina wannan, ina yi ina tashi in dafa wa yara abinci. Daga ƙarshe na ga matsalar: idan aka mayar da watannin jariri shekara sai su zama sifili, manhajar kuwa ta ɗauka ba a rubuta shekaru ba, ta koma lissafin babban yaro. Layi huɗu kacal ya rage masa ya kai wurin. Na gyara, likitar ta gwada da jarirai talatin na cikin tsofaffin takardunsu, duk ya fito daidai.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne wannan. Ina cikin gyaran na danna Ctrl da Z don in goge kuskurena, sai na zarce, na ga rubutunsa ya fara ɓacewa. Na tsorata, na danna Ctrl da Y, ya dawo. Sai na koma baya har farkon safiyar ranar, na riƙa dawo da shi kaɗan-kaɗan. Ga inda ya rubuta kalma ba daidai ba ya gyara, ga inda ya goge layi uku ya sake. Kamar ina tsaye a bayansa. Na yi haka ya fi sau ashirin. Na san da zarar an rufe shafin wannan tarihin ya tafi, ga shi sabunta manhajar asibitin ba ya yiwuwa sai an rufe. Ranar Laraba na cire ɗigon, na rufe da hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Likitar ta roƙe ni in ci gaba da kula musu da manhajar, na amsa. Baba yana so in tattara in koma gida, na kasa yi masa musu. Don Allah ki yi masa magana, yana jin taki. Ki ce ya bar ni a ɗakina tukuna. In kuma da hali ki zo ko na mako biyu ne, gidan ya yi mini girma.

Ki gaida maigidanki, ki gaida Gwaggo, ki shafa mini kan Autarki. 'Yan biyu suna gaishe ki. Ki sa Abbansu a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki