Gajeriyar Ƙofar Babana

Ya ke farin wata sha kallo, sanyin safiya bayan daren zafi, kurciyar da kukanta ya fi wa'azin masana shiga zuciya, ina gaishe ki gaisuwar wanda idonsa ya kasa barin ƙasa.

A sanar da malaman tarihi da masu binciken ɗabi'un 'yan Adam cewa yau za a warware matsalar da ta gagari kowa: me ya sa ni, mutum mai matsakaicin tsawo, nake sunkuyar da kai a kowace ƙofa, ko da raƙumi zai iya wuce ta da kayansa? Kin taɓa tambayata, kina dariyar nan taki mai kama da zubar ruwa a sabuwar randa. Na ce miki nauyin littattafan da na karanta ne ke rinjayar kaina. Kaico! Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi na iso ƙarshensa.

Kin tuna ranar Asabar, da muka yanke ta lungun bayan kasuwa don mu guje wa cunkoso? Kika tsaya gaban wani ɗan gida mai gajeriyar ƙofa, katakonta launi-launi kamar rigar da ta sha faci. Kika ce kina son sanin mutanen da suke zaune a ciki. Ni kuwa, sarkin iya magana, na gyara wuyan riga, na ce ai wannan akurki ne, sai dai a tambayi kaji. Ba ki yi dariya ba. Ni kaɗai na yi.

Hasken idona, a cikin akurkin nan aka haife ni.

Babana kafinta ne. Rabin ƙofofin unguwar daga hannunsa suka fito, dogaye, masu faɗi, har da na masu benaye. Amma inuwar giginya ce, na nesa ka sha sanyi. Tamu ƙofar da guntayen da suka rage ya haɗa ta, kuma guntu ba ya ƙara tsawo don an roƙe shi. Ɗaki biyu ne da tsakar gidan da shanya ɗaya ke cika ta. Muna barci da ƙamshin garin katako, mu farka da kukan zarto. Shi kuwa dogo ne, ya ƙare rayuwarsa yana rusuna wa aikin hannunsa. Idan mahaifiyarmu ta yi masa tsiya, sai ya ce mai gyaran ƙofar mutane ba ya samun ranar tasa, kuma dai ƙofar nan ta fi makaranta koya ladabi.

Ga abin da ya fi ƙona ni. Duk wanda zai shiga gidanmu, baƙo ne ko ɗan gida, Baba yakan riga shi ɗora tafin hannunsa a katakon sama, don in mutum ya manta bai sunkuya ba, ya bugi hannu maimakon katako. Har yau wurin yana sheƙi, ya yi santsi saboda tafinsa. Ke kuma kin sha gaya mini cewa ba kalmomina masu rawani ba ne suka sace zuciyarki, hannun nan ne da nake sa miki bisa kai duk lokacin da za ki shiga mota. Na karɓi yabon ina wani lumshe ido kamar ni na ƙirƙiro shi. Ashe da kayan aro nake ado! Abin da kike so a jikina gadon mutumin da na kira gidansa akurki ne.

Ba a nan ta tsaya ba. Tun rasuwarsa, ƙanwarsa ce ke zaune a gidan. Ranar nan tana bakin ƙofa, na gan ta, ta gan ni, na kau da kai, ita kuma ta koma ciki a hankali. Washegari na je gidan, ina jiran faɗa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, “Na ga kana da baƙuwa, shi ya sa ban kira ka ba. Kyakkyawa ce, ɗana. Ka riƙe ta da kyau.” Da Gwaggo ta mare ni, da na samu sauƙi. Wace ƙasa ce za ta tsage in shige? Wane littafi ne cikin tarin da nake taƙama da su ya koya mini rabin abin da tsohuwar nan ta sani?

Saboda haka nake roƙonki, ya ke ruwan farko bayan dogon fari: ki zo mu koma lungun nan tare. Ki ga ɗakin, ki ga ƙusar da yake rataye hularsa, ki gaida Gwaggo. In bayan kin gani kin ce ba za ki iya zama da mai gudun asalinsa ba, ba ni da bakin musu, sai dai zuciyata za ta zama kango har abada. In kuwa kin yafe, na rantse ba zan ƙara ɓoye miki ko tsinken ashana ba.

Kotun zuciyata ta zauna, ni ne alƙali, ni ne mai laifi, kuma ta yanke mini tara: ranar da za mu je, zan shiga ƙofar nan a miƙe, ba sunkuyo, in karɓi ƙululu ɗaya a goshi, in yi yawo da shi a gari har ya saɓe don kansa. Hannun da zai tare mini katakon yana ƙarƙashin ƙasa. Babu ɗaukaka ƙara, sai fa idan ke kika ga dama kika ɗora naki.

Naki, a miƙe ko a sunkuye, har numfashina na ƙarshe,
Ɗan kafinta.