Taka birki kafin ki tada mota

Gimbiya,

Na tarar kina barci, ban so in tashe ki ba, ga shi ana nemana a wurin aiki. Albishirinki, na canza takalman birkin motarki da hannuna!

Ashe sifanar da na sayo jiya ce ta yi wa notin yawa, shi ya sa take ta zamewa. Da safe na danna sabulun wankanki a kan notin, shatinsa ya fito, na kai wa mai shago. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya zaɓo min wadda ta zauna daram. Ina murɗawa noti ya saki.

Abu ɗaya ban samu na yi ba. Don Allah kafin ki tada mota, ki yi ta taka birki har ya yi tauri. Takun farko ƙasa zai tafi kamar babu komai, kuma katanga na gabanki.

Sabulunki na banɗaki. Ki yi wanka da gefe-gefe, ramin tsakiyar nawa ne.

Mijinki, sabon bakanike