Waƙar Babanki Kafin Kwana Ɗari

Garin Labasa, kwana na tamanin da uku da rasuwar Babanki.

Salanieta tawa, Sala, sanyin idona, farin cikin raina, ruwan ɗanyar kwakwa ga wanda ya wuni a gonar rake, inuwar mangwaron bakin tasha, iskar teku da kan shigo tagata lokacin da rana ta take. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, Nana mahaifiyarki tana lafiya, da duk mutanen gida, har da yayanki Kitione, ko da bai tambayi lafiyata ba.

Kin san ban iya wasiƙa ba. Shekara biyu da rabi muna tare, duk abin da bakina ya kasa faɗa sai in tura miki waƙa ta faɗa a madadina. In na yi kewarki akwai waƙarsa, in na yi miki laifi akwai guda uku. Yanzu kuwa gidanku gidan makoki ne, ba kiɗa ba waƙa sai kwana ɗari na Babanki sun cika, shi ya sa aka bar ni da biro da takarda da wannan kan nawa. Godiya nake so in yi miki, amma ba ta yiwuwa sai na bi ta kan wautar da na tafka. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Kin tuna ranar da kika fara leƙa ɗakina? Lasifikar makarantarku ce ta lalace, aka ce miki akwai wani mai gyaran wuta da ke taɓa irin waɗannan abubuwa in ya tashi daga aiki. Kika tsaya a bakin ƙofa kina kallon kaset-kaset har rufi, da tsofaffin rediyo uku, da kwamfutar nan tawa mai nishi. Kika ce, "Waisake, kai ka ba kaset ɗin nan masauki, ko su suka ba ka?" Na buɗe baki in yi bayani, na ɗauki rabin awa ina gaya miki yadda ake kwashe waƙa daga kaset a zuba ta a kwamfuta, a share ta, a sa ta a katin waya. Wace mace ce za ta tsaya jin wannan? Ke kin tsaya, har kika yi tambaya biyu. Tun daga ranar ban sake zama daidai ba.

Ke kika ba ni labarin kaset ɗin Babanki. Shi Babanki Apimeleki da abokansa uku, da jita biyu da ƙaramar jita ɗaya, sun ɗauki waƙoƙi takwas a bayan wani shago tun ba a haife ki ba. Guguwar da ta kwashe rufin gidanku ta tafi da naku. Na bugi ƙirji na ce zan nemo. Na bi tsofaffin direbobin tasi, na bi masu gwanjo, na shiga zaurukan mutanenmu da ke Sydney da Auckland a intanet ina tambaya har wasu suka daina amsa mini. Duk ranar da na je ƙauyenku, Babanki kan ɗago kai daga gyaran komarsa ya ce, "Ɗan kaset, yau ma ba ka same ni ba? Yi sauri, ina so in ji yadda muryata take kafin taba ta cinye ta." Ban yi sauri ba, Sala. Wannan yana nan a raina, kuma ban ga ranar fitarsa ba.

Kwana ashirin da shida da binne shi, tsoho Latchman mai shagon kusa da kasuwa ya kira ni, wai yana share sito ya ga wani kwali da damshi ya cinye. A can ƙasa na gan shi, sunan Babanki da rubutun hannu, tawadar ta koɗe. Zaren ya yi funfuna, ya tsinke wuri biyu. Na kwance kaset ɗin, na bi zaren da auduga a hankali, na haɗa inda ya tsinke, na sa a rediyo. Sai ga shi. Saurayi ne, muryarsa garau, yana ja sama ba ko tari. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Niyyata mai kyau ce, Allah shaida. Na ce zan gyara shi tsaf, in ɓoye, in miƙa miki ranar da aka cire baƙin kaya. Amma kin san halina, in na samu abu mai daɗi ba ya iya zama a hannuna. Sai na ji ina so in saurare shi a manyan lasifika sau ɗaya tak, kuma duk tasha babu motar fasinja da ta kai ta Eroni taubashina sauti. Da rana, motar babu kowa, muka kunna. Eroni ya kwantar da kai a kan sitiyari ya ce, "Kai taubashi, duk tarkacen da ka tara yau ne ka samo abin kirki. Waye wannan? Tura mini." Na tura, na ce kar ya kunna sai na ba shi izini. Abin da ban yi ba shi ne in gaya masa muryar wa ce, don kar ya yi surutu ya ɓata mini shiri. Da na ambaci sunan Babanki, da Eroni ko a kunnensa ba zai sa ba, balle a mota. Shi kuwa izinina, tun muna yara bai taɓa jira ba.

Sauran kin sani fiye da ni. Ranar Asabar Nana ta shiga motar da baƙaƙen kayanta da kwandunan gwaza biyu za ta kasuwa. Mota na tsakiyar gonakin rake mijinta ya fara waƙa a saman kanta. Ta ja igiyar ƙararrawa, ta sauka inda babu gida babu kowa, ta zauna cikin ciyawa. Wata mata ce ta daka wa Eroni tsawa, "Kashe abin nan, mijinta ne!" Gwazan ya iso Labasa shi kaɗai.

Ranar Litinin Kitione ya same ni a wurin aiki, gemun makoki ya cika masa fuska. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ko gemuna ban aske ba ka mai da ubana kiɗan mota. Kada in sake ganin ƙafarka a ƙauyenmu." Na kira ki, ba ki ɗauka ba. Kwana tara ina kira. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, Sala. Na san na rasa ki, kuma na san da hannuna na yi. Ɗakin da nake taƙama da shi, mai waƙa dubu nawa, na kasa kunna ko ɗaya. Wa zan kunna wa? Me za ta faɗa mini da ban riga na faɗa wa kaina ba?

A rana ta goma kika zo. Kika tsaya a bakin ƙofar nan, inda kika tsaya da farko, kin rame, idonki ya faɗa. Na fara jero ban haƙuri kika ɗaga hannu. Kika ce, "Mutum nawa ke da waƙar?" Na ce Eroni kaɗai. Kika ce, "Ka tambaye shi?" Muka je tasha, Eroni yana sosa ƙeya ya ce ya tura wa mutum huɗu, su ma kila sun tura. Ni masanin na'ura sai na fara yi miki lacca, cewa abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa, ko wane ne kai. Kika dube ni kika ce, "Ba wayoyin za mu roƙa ba, masu su za mu roƙa. Ɗauko takalminka."

Kwana biyu muna yawo, ke a gaba ni a baya kamar akuyar da aka kamo a gonar wani. Direbobi, masu saran rake, matan kasuwa, mutum goma sha huɗu. Magana ɗaya kike yi wa kowa: "Muryar Babana ce, kwanansa bai cika ɗari ba." Ko mutum ɗaya bai yi gardama ba. Mai sayar da ƙaguwar nan ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo 'yata, ni da nake wanke-wanke da ita kullum. Ungo, goge da hannunki." Ta juyo kaina ta ce, "Kai ne mai hankalin? Allah ya ƙara." Wani direban tasi ya goge, sannan ya ce cikin jin kunya, "To, bayan ɗarin fa?" Kika ce bayan ɗarin a tambayi Nana. Har yau ban ji wani ya sake jin waƙar a ko'ina ba. A duk yawon nan ba ki yi mini murmushi ba ko sau ɗaya, amma da muka zauna cin burodi a bakin gada, kika gutsuro kika miƙo mini rabi ba tare da kin kalle ni ba.

Na gode, Sala. Na gode da kika zo kina fushi, ba ki jira fushin ya huce ba. Na gode da ba ki ce mini "ba komai" ba, domin akwai komai. Na gode da kwanakin da kika yi kina zaune kusa da Kitione kina ba shi labarin shekara biyun da na yi ina nema. Ba ke kika gaya mini ba, matarsa ce. Wace irin zuciya Allah ya ba ki, da ta ɗauki makokin uba da wautar saurayi a lokaci guda ba ta yar da ko ɗaya ba?

Ran Lahadin da ta wuce kin ga yadda muka shigo. Momo Sairusi, kawuna, a gaba da damin saiwar yangona a hannu, wadda ake jiƙawa a sha a zaman neman gafara, ni a bayansa a kan tabarma, kaina a ƙasa. Ya yi magana a madadina, ya kira ni yaro marar kunne, ya kira ni abin da ya fi haka, duk na yarda. Da ƙanin Babanki ya sa hannu a kan damin ya karɓa, aka tafa, alamar an yafe. Da ƙoƙon yangonar ya zagayo, Kitione ne da kansa ya miƙo mini.

Ga abin da ba ki gani ba, kuma saboda shi na ɗauki biro. Kina wajen raba abinci Nana ta aiko a kira ni bayan kicin. Tana zaune tana kankare kwakwa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Waisake, wanda na ji a mota, an taɓa shi?" Na ce na ɗan share shi, Nana, na cire ƙarar tsufa da hayaniya. Ta ce, "Kafin waƙar farko akwai wata yarinya da ta yi dariya, shi kuma ya ce mata ta yi shiru ana ɗauka." Na tuna wurin sarai, daƙiƙa shida ne, na ɗauke shi hayaniya na yanke ina jin kaina gwani. Na ce, "Na yanke, Nana."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ni ce. Shekarata goma sha tara, ko aure ba mu yi ba. A motar nan da na ji jitar ta fara, na san kaset ɗin. Muryarsa zan iya ɗauka, ai kullum ina jin ta a kaina. Na jira in ji kaina kusa da shi ne, ban ji ba."

Sala, na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce mata na asalin yana nan, kwafin farko da ban taɓa ba, da dariyar da komai. Ta ci gaba da kankare kwakwarta. Ta ce, "Ranar ɗari, in an cire baƙi, ka zo da wanda ba ka gyara ba. Ka zo da Momonka kuma, ka ce masa ya sa rigar kirki." Na gaya wa Momo a hanya, muna isa gida ya buɗe akwati ya ciro haƙorin kifin nan na kakanmu da ake neman aure da shi, ya hau goge shi da man kwakwa.

Nana ta buɗe mini ƙofa, amma ba ita zan zauna da ita ba. Ke nake tambaya, tun kafin maza su zauna su yi dogon jawabi a kanmu. Kin ga mafi munin halina, kin bi shi gida gida kina gogewa. Za ki yarda ki aure ni, Sala, hasken safiyata? In amsar e ce, ki ba Eroni takarda, na gargaɗe shi, kuma wannan karon na gaya masa ko ta wace ce. In kina son lokaci, ki ɗauka, na koyi jira.

Saura kwana goma sha bakwai. Katin yana cikin ambulan, na liƙe, na rubuta sunan Nana a kai. Ban sake sauraron daƙiƙa shidan nan ba, kuma ba zan saurara ba sai ita ta fara ji. Alkawarina gare ki ɗaya ne: dariyarki da faɗanki, da shirunki na kwana tara, da duk abin da shekaru za su ƙara wa muryarki, ba zan yanke ko daƙiƙa ɗaya ba.

Naki, yau da bayan ɗari, har ranar da za a ƙirga mini nawa kwanakin,

Waisake