Man Kaɗanyata a Jikin Bututu

Daren Laraba

Ɗana Sani bai taɓa tuwonsa ba. Mitar da yake ɗaura wa bututun ruwa a bakin daji ta sake yin shiru. Wai da sauti take auna gudun ruwa, kuma sai an shafa mata wani mai na musamman. Man ya ƙare, ogansa ya ƙi saye. Jiya Sani ya shafa mata man kaɗanyata, rana ta narkar da shi.

Gobe an ce ya koma, ta hanyar da aka ɗauke ɗan maƙwabciyata.

Na ce, "Ogan zai raka ka?"

Ya ce, "Haba Inna, takalminsa sabo ne."

Na ƙulla masa sauran man, na ajiye gindin randa kada ya narke. Ni da barci kuwa, sai Sani ya dawo.